Rehobowam Ba Yaro Ba Ne

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Agege ya tare ni bayan an tashi sujada da wata damuwa. 'Ya'yansa uku: babban namiji ne mai shekara 13, sai mace mai 9, sai auta mai 5. Ya ƙudura zai yi 'yan makonni yana koya musu darussa kan karɓar shawara da shugabanci a sujadar iyali, sai ya fara da labarin Rehobowam ɗan Sulemanu a 1 Sarakuna 12, sarkin da ya ƙi shawarar dattawa ya bi ta samari. Da ya gama karatu ya ce musu darasin shi ne yaro ya ji maganar manya, ya guji ta sa'o'insa. Nan take babban ya ce, "Baba, to in babban ne ya ce in yi abin da ba daidai ba fa?" Ransa ya ɓaci, ya ce masa ba a ja da Maganar Allah, ya rufe da addu'a. Tun ranar yaron bai ƙara buɗe baki a sujada ba. Yana so ya san yadda zai ci gaba, da wane labari, kuma a wane lokaci, tunda ba ya isowa gida sai wajen ƙarfe 9 na dare. Na daɗe ina koyar da yara a firamare da makarantar Lahadi, yanzu kuma ina horar da malaman yara a sashen Hausa, shi ya sa na ce masa ya ba ni kwana biyu in amsa masa a rubuce.

Ɗana, da farko sannu da ƙoƙari. Mutumin da ke barin Agege tun duhun asuba, ya wuni a bakin aiki, ya dawo ta cunkoson Oshodi jiki duk ya mutu, amma ya tara 'ya'yansa ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya cancanci a gaishe shi. Sai dai tunda ka tambaye ni a matsayin uwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Yaronka bai ja da Maganar Allah ba. Da fassararka ya ja, kuma yana da gaskiya.

Buɗe 1 Sarakuna 14:21 ka gani. Shekarar Rehobowam 41 lokacin da ya hau gadon sarauta. Waɗanda labarin ya kira samari an ce tare suka tashi da shi, ke nan su ma magidanta ne, wataƙila wasunsu sun girme ka. Gaskiya ne daga baya ɗansa Abiya ya ce uban nasa yaro ne mai raunin zuciya a lokacin, yana nan a 2 Tarihi 13:7, amma wannan yarinta ce ta hali, irin ta wanda ya tashi a fada bai taɓa ɗora dutse a ka ba. Su kuwa mutanen da suka taru a Shekem don naɗa shi sarki sun san nauyin dutse. Sulemanu ya ɗebi mutum 30,000 aikin tilas, kowane wata 10,000 suna can Lebanon, wata ɗaya a daji, wata biyu a gida, ban da masu dako 70,000 da masu fasa dutse 80,000. Wannan yana 1 Sarakuna sura 5. In ba ka fara gaya wa yara wannan ba, ba za su fahimci dalilin da ya sa jama'a suka zo suna roƙon sassauci ba, kuma ba za su ji zafin amsar da aka ba su ba.

Yanzu dubi abin da dattawan suka faɗa a sura 12 aya 7. Cewa suka yi in ya yarda ya zama bawan mutanen nan yau, ya bauta musu, ya amsa musu da magana mai daɗi, za su zama nasa har abada. Furfura ba ita ta sa wannan shawara ta yi kyau ba. Ta yi kyau ne domin ta dubi wanda ke ɗauke da kaya. Abokan nasa kuwa girman sarki kawai suka duba: ya ce ƙaramin yatsansa ya fi ƙugun ubansa kauri, ubansa da bulala ya hore su, shi da kunamai zai yi. Da dattawan ne suka faɗi maganar kunamai, da ƙasar ta tsage duk da haka.

Akwai ƙaramin abu biyu a wurin da nake so ka sa babban ɗanka ya gano da kansa. A aya 8, sai da Rehobowam ya yi watsi da shawarar dattawa tukuna ya nufi abokansa. Ya riga ya yanke, neman wanda zai tafa masa yake yi. A aya 9 kuma, da yake magana da abokan, cewa ya yi me za mu amsa wa mutanen nan. Da dattawa bai ce "mu" ba. Yaro mai shekara 13 ya san wannan hali sarai, domin ya san wa yake zuwa wurinsa in yana son a ce masa eh.

Amsar tambayar yaron kuwa tana shafi na gaba. A sura 13 Allah ya aiki wani bawansa daga Yahuda zuwa Betel, ya umarce shi kada ya ci, kada ya sha, kada ya koma ta hanyar da ya zo. Sarki Yerobowam, wanda kabilun da suka ɓalle daga Rehobowam suka naɗa, ya gayyace shi gida ya ƙi. Sai wani tsohon annabi ya bi shi a kan jaki, ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya ce ya komo da shi ya ci abinci. Aya 18 ta faɗa ƙarara cewa ƙarya ya yi masa. Mutumin ya ji maganar babba, ya koma ya ci, a hanya zaki ya kashe shi. Ka ga yadda aka jera su: sura 12 mutum ya ƙi dattawa ya rasa kabila goma, sura 13 mutum ya bi dattijo ya rasa ransa. Wanda ya koyar da ta farko ya ɓoye ta biyu ya ba yara rabin magana.

Kada ka ɗauka ina raina karin maganarmu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wannan gaskiya ce, kuma ina so jikokina su san ta. Amma karin maganar ta ce babba yana hango nesa, ba ta ce babba ba ya ƙarya ba. Elihu ma, wanda ya yi shiru yana jiran manya su gama a Ayuba 32, da ya buɗe baki abin da ya ce shi ne yawan shekaru ba shi ke ba da hikima ba, ruhun da Allah ya sa cikin mutum ne.

Dalilin da ya sa na tsaya a nan haka da yawa shi ne Legas. Da yawanmu gidan haya muke, ɗakuna suna fuskantar juna, banɗaki ɗaya, wurin girki ɗaya, kowane babba a layi kawu ne ko anti. Iyaye sun fita tun asuba, wani yana kasuwar Mile 12, wata tana shago, wani yana bakin get yana gadi sai gobe. Yaron da aka koya masa cewa duk abin da babba ya ce umarnin Allah ne, an kwance masa makami an sake shi a wannan gari. Ni kaina na taɓa yin kuskuren da ka yi. Shekarun baya wata yarinya a ajina ta yi mini kusan irin wannan tambaya, na ce ta zauna ta daina gardama. Sai bayan watanni muka gane wani babba ne a gidan da suke haya yake aikenta inda bai kamata ba, yana ce mata kada ta faɗa wa kowa. Tambayar da na ɗauka rashin kunya ce, neman taimako ce. Har yau abin yana damuna. Ban ce wani abu na faruwa da ɗanka ba, mai yiwuwa kaifin tunani ne kawai, amma ka keɓe da shi ka tambaye shi a hankali me ya sa ya yi tambayar.

To me za ka ba su a madadin "ku ji maganar manya"? Ka ba su mudun da za su auna kowace shawara da shi, ko daga wa ta fito. Ni abin da nake sa yara su riƙe shi ne su tambayi kansu ko maganar ta yi daidai da abin da Allah ya riga ya faɗa, domin nan mutumin Yahuda ya faɗi. Su kuma tambaya wa zai ji daɗi, wa zai sha wuya in an bi ta, domin nan Rehobowam ya faɗi. Ga ƙanana kuma akwai wadda ta fi sauƙi: za ka iya maimaita maganar nan a gaban Baba da Mama? Duk wanda ya ce "kada ka gaya wa babanka", babba ne ko yaro, a coci ne ko a layi ko a waya, to wannan maganar ce ta farko da za a kawo gida. Auta mai shekara 5 zai iya riƙe wannan. Babban kuma ka haɗa masa da Yaƙub 3:17, inda aka zayyana kamannin hikimar da ke zuwa daga sama, ya ɗauki shawarar dattawa da ta abokan sarki ya gwada kowacce da ayar.

Hausa ta ba ka kayan aiki a nan da bai kamata ka bari su wuce ba. Muna da shawara, muna da umarni, muna da nasiha, muna da zuga, muna da fadanci, muna da daɗin baki. Ka ɗauki dare ɗaya kuna rarrabe su kawai. Shawara ana iya karɓa ana iya ajiyewa, umarni ba haka ba. Nasiha takan yi ɗaci amma don kai aka yi ta. Zuga kuwa, mai yin ta ba ya wurin ranar da abin ya fashe. Ka tambaye su wanne abokan Rehobowam suka yi, sannan ka tambaye su ina abokan suke ranar da jama'a suka jajjefe Adoram, shugaban aikin tilas, har ya mutu, sarki ya haye karusa da gudu zuwa Urushalima. Labarin bai ƙara ambatonsu ba. Yaron da ya taɓa ganin yadda ake zuga faɗa a filin ƙwallo zai gane nan take.

Game da yadda za ka ba da labarin, Rehobowam kansa ya ba ka dabara. Ya ce wa jama'a su dawo bayan kwana uku. Kai ma yi haka. Daren farko ka ba da labarin wahalar mutane da roƙonsu, ka tsaya, ka ce yau ku ne mashawartan sarki, me za ku ce masa? Kada ka gyara amsar kowa. Dare na biyu ku ji dattawa da abokai, kowane yaro ya faɗi wadda ya zaɓa da dalilinsa. In auta ya ce shi kunama yake so domin ta fi ban tsoro, ka ji shi, ka tambaye shi in shi ne mai fasa dutsen fa. Sai dare na uku ku karanta abin da sarki ya yi da abin da ya biyo baya. Babban zai riga ka karantawa a ɓoye, ba laifi, ai abin da kake nema ke nan. Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu karanta sura duka, mu ɗora darasi a kai da bakinmu, mu ce a rufe ido. Abin da yaro ya tono da hannunsa shi ke zama.

Bayan Rehobowam da sura 13, ka tafi wurin Na'aman a 2 Sarakuna 5, domin ƙananan naka. Babban sarkin yaƙin Suriya ne, kuma sau biyu shawarar na ƙasa da shi ta cece shi. Ƙaramar yarinya ce, baiwa da aka kamo daga Isra'ila, ta ce wa uwargijiyarta akwai annabi a Samariya. Da Elisha ya aiko a ce ya yi wanka sau 7 a Urdun, ya fusata yana cewa kogunan Dimashƙu sun fi, barorinsa ne suka matso suka ce, ya ubanmu, da abu mai wuya aka ce ka yi ai da ka yi. Sa 'yarka ta lura da yadda suka yi maganar. Sun girmama shi, sun faɗi gaskiya, ba su sassauta ta ba. Wannan rabi na biyu ne na darasin, wanda muke mantawa: yaro ya koyi ba da shawara da ladabi, kamar yadda yake koyon karɓarta. Abigail a 1 Sama'ila 25 ma tata ce. Dawuda ya taso da mutum wajen 400 da takuba zai shafe gidan Nabal, mace ɗaya ta tare shi da gurasa 200 da magana mai hankali, har ya gode wa Allah da ya aiko ta ta hana shi zub da jini. Labarin Yonadab da Amnon a 2 Sama'ila 13 kuwa, kada ka kawo shi gaban ƙananan. Kai da babban kaɗai, wata rana kuna tafiya.

Inda na fi so ka daɗe shi ne Fitowa 18. Musa ya haura shekara 80, shi ne ya tsaya gaban Fir'auna, shi ne ya miƙa sanda teku ta rabu. Surukinsa Yetro, firist na Madayana, baƙo ne da ya kawo masa matarsa da 'ya'yansa. Dubi tsarin Yetro. Sai da ya wuni yana kallon Musa yana shari'a tun safe har yamma. Sannan ya yi tambaya, me ya sa kake zaune kai kaɗai? Sai da ya ji amsar Musa tukuna ya ce abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutanen nan. Ya kawo mafita: shugabanni na dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin, goma-goma, ƙananan ƙararraki su yanke, manyan su kawo masa. Ya kuma rufe da cewa in Allah ya umarce ka haka. Ya kalla, ya tambaya, ya faɗa, ya bar wa Allah hukunci. Musa kuma ya ji. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ga mutumin da ya fi kowa matsayi a zangon ya ɗauki maganar haka.

Aya 21 ta wannan sura za ka iya yin mako a kanta. Mutanen da za a zaɓa su zama masu iyawa, masu tsoron Allah, masu gaskiya, masu ƙin cin hanci. Kada ka kai yara Abuja da wannan aya tukuna. Kai su ajinsu. Monita da aka ba takarda ya rubuta sunayen masu surutu, abokinsa ya miƙo masa biskit don ya share sunansa, wannan me ke nan? Kyaftin na ƙwallo da ke ajiye wanda ya iya a benci don ya saka ɗan layinsu fa? Za ka sha labarai da ba ka taɓa ji ba. Amma ka sani babban zai kawo zancen 'yan siyasa, domin yana jin abin da ake faɗa a danfo da rediyo. Kada ka hana shi, kada kuma ka mai da sujada dandalin zagi. Nuna masa Nehemiya 5, gwamnan da ya yi shekara 12 bai karɓi abincin da ake tara wa gwamna ba saboda nauyin da ke kan jama'a, alhali mutum 150 ke ci a teburinsa. Daga nan ku yi abin da 1 Timoti 2 ta ce, ku yi wa masu mulki addu'a, ku ambace su tun daga shugaban ƙasa har mai gidan da kuke haya.

Shugabanci a gidanka ya riga ya fara, ko ka koyar ko ba ka koyar ba. Daga tashi makaranta har ku dawo, wa ke riƙe da makulli, wa ke raba abinci, wa ke cewa a kashe talabijin? Babban. Shi sarki ne na awa huɗu ko biyar kowace rana, kuma ƙannensa sun san ko da bulala yake mulki ko da kunama. Ka karanta musu Markus 10:42-45, inda Yesu ya ce masu mulkin al'ummai suna nuna wa mutane iko amma ba haka zai zama a tsakaninku ba, ka sa su gwada da maganar dattawan Shekem, za su ga magana ɗaya ce. Ranar da kuka zo Yohanna 13, kawo roba da ruwa da tawul da gaske. Kai za ka fara durƙusawa ka wanke ƙafar auta. Za su yi dariya, bar su su yi, ba za su manta ba. Muna cewa babba juji ne, amma ka kula kada ka bar wa yaro mai shekara 13 wannan magana ita kaɗai, domin shi ma yaro ne. In ka ɗora masa nauyi, ka tambaye shi lokaci-lokaci ko ya yi masa yawa, kamar yadda Yetro ya tambayi Musa. Sau ɗaya a mako kuma ka bar shi ya ja sujadar, 'yar ta zaɓi waƙa, auta ya faɗi wanda za a yi wa addu'a.

Yowash a 2 Tarihi 24 kuwa, kai na ajiye wa shi kafin yara. Yana da shekara 7 ya zama sarki, ya yi abin da ke daidai duk kwanakin Yehoyada firist. Yehoyada ya mutu yana da shekara 130, sai manyan Yahuda suka zo suka rusuna wa sarki, ya saurare su, suka bar Haikali. Da Zakariya ɗan Yehoyada ya tsawata musu, sarkin da uban Zakariya ya yi rainonsa shi ne ya sa aka jajjefe shi a farfajiyar ɗakin Ubangiji. Yowash bai taɓa koyon aunawa ba, bin wanda ke kusa kawai ya koya, da aka canja na kusa shi ma ya canja. Nan da 'yan shekaru ɗanka zai tafi jami'a ko koyon sana'a ko bariki, inda ba ka nan. In biyayya gare ka kaɗai ya iya, zai miƙa ta ga duk wanda ya gaje kujerarka a kunnensa.

In ya ƙara girma kaɗan akwai labarin da ya faru a garin nan wanda nakan ba matasa su yi ta juyawa. A Disamba 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar kai bishara can cikin ƙasa. Ma'aikatan mishan da suka riga su zama a nan suka gargaɗe su cewa ba za su kai ba. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake dawowa, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, aikin da ya zama ƙungiyar mishan ta SIM, daga cikinsa cocin ECWA ta fito. Manyan sun faɗi gaskiya game da haɗarin. To samarin sun yi kuskure da suka tafi? Kada ka yi saurin ba da amsa. Yana da kyau matashi ya san akwai shawarar da ba ta rabuwa gida biyu cikin sauƙi, wadda sai an haɗa da Yaƙub 1:5, a roƙi hikima wurin mai bayarwa.

Maganar lokaci ba ta da tsawo. Minti 15 ya isa. In ƙarfe 9 auta ya riga ya yi barci, maman yara ta ba shi nasa labarin da wuri, ku kuma ku yi naku in ka iso, sannan ku ware yammacin Lahadi don kowa da kowa. In an ɗauke wuta, fitilar waya ta wadatar. Maimaitawar Shari'a 6:7, wadda tsohuwar fassara ke kira Kubawar Shari'a, ta ce a yi zancen nan a zaune a gida, da kan hanya, da kwanciya, da tashi, ke nan zaman da kuke yi a mota ranar Lahadi ma yana ciki. Harshe kuma, ka karanta da Hausa ko da aya ɗaya ce kowane dare. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru, da shi kakanninmu suka koyi karatu. Amma in yaro ya amsa da Turanci ko buroka ko ya cuɗa da Yarbanci, kada ka tsayar da shi kana gyara masa harshe a tsakiyar tunani. Karɓi amsar, ka maimaita masa ita da Hausa. Littafin Karin Magana, wanda tsofaffi suka sani da Misalai, ya fi daɗin haddacewa da Hausa. Fara da 12:15 da 15:22, ɗaya a mako.

Saura abu ɗaya, kuma ya fi duk na baya wuya. Yaranka suna kallon yadda kake yi in mahaifiyarsu ta ba ka shawara. In kana koyar da Musa da Yetro da dare, da safe kuma ta ce kuɗin nan a fara biyan na makaranta ka daka mata tsawa, darasin safe za su ɗauka. Wani lokaci ka faɗa a gabansu cewa da ka yi niyyar kaza, mamanku ta ce kaza, ka duba ka ga nata ya fi. Wani lokaci ka kawo ƙaramar magana ta gaske gaban sujada, kamar ko a je gida Kirsimeti ko a aika kuɗin motar, ka ji bakin kowa, ka yanke, ka faɗi dalili, ko da ba ra'ayinsu ka bi ba.

Ko Rehobowam ya samu dama ta biyu. A 1 Sarakuna 12:21-24 ya tara mayaƙa 180,000 zai ƙwato mulki da ƙarfi, Shemaiya mutumin Allah ya ce kada su yaƙi 'yan'uwansu, wannan karon aka ji, kowa ya koma gida. Kai ma ka koma wurin ɗanka, a gaban ƙannensa tunda a gabansu ka rufe masa baki, ka ce masa tambayarsa mai kyau ce, kai ne ka yi gaggawa. Ka ce ya karanta sura 13 kafin ka dawo gobe, kai ma ka karanta a mota. In ka iso ka fara tambayarsa abin da ya gani, ka bari ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka ce komai. Ranar Lahadi ka neme ni ka ba ni labari. A gaida maman yara.